Muryar da Ba Ta Shiga Ofis Ba

Har yau ban manta da wata Talata a cikin bazarar da aka aurar da autata ba. Zafi ya yi yawa a shekarar, gidanmu na unguwar Badariya a Birnin Kebbi kuma ya yi shiru, don maigidan yana can kudu wurin aiki. Idan na tashi daga ofis sai in riƙa jan ƙafa, tunda babu mai jirana.

Ga waɗanda ba su san aikinmu ba, ni ce mai karɓar koken mata a kamfanin tura kuɗi ta waya. Da karatun yaƙi da jahilci na samu gurbin. A manhajarmu, idan mutum ya tura kuɗi, ofis yana ganin nawa ne da wanda aka tura wa. Amma saƙon da ya haɗa da shi, na rubutu ko na murya, a kulle yake. Daga mai turawa sai mai karɓa. Ko manaja ba ya iya buɗewa.

Ran nan wani dattijo, Malam Umaru, ya kawo ƙara. Ƙanensa mai fataucin albasa ya rasu, kuma kafin rasuwar ya tura wa matarsa Saratu kuɗi masu kauri. Malam Umaru ya ce ajiya ce, ta shiga gado. Ita kuwa ta ce kyauta ce, har ta sayi injin markaɗe da su, da shi take ci da yara.

Saratu tana Argungu cikin takaba, ba ta fita, maza kuma ba sa shiga wurinta. Manaja ya ce, "Hajiya, ke za ki je Argungu. Ki faɗa mata ƙa'ida. In tana da saƙon, ta tura wa sashen sasanci da hannunta, a saurara, mai ƙara ma ya ji."

Na same ta zaune kan tabarma, injin yana tsakar gida an rufe shi da buhu. Bayan ta'aziyya na yi mata bayani. Ta daɗe tana juya wayar, sannan ta sa min a kunne.

A saƙon muryar, marigayin ya faɗa ƙarara cewa kyauta ce, halak malak. Sai dai maganar tana tsakiyar wasu maganganu. Ya kira ta da wani suna da ba zan maimaita ba, ya tsokane ta kan minsharinta, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Na ce, "Ƙanwata, ai wannan ya raba gardama."

Ta ce, "Yaya, mutum nawa za su ji?"

"Ma'aikatan sashen, da Malam Umaru."

"Malam? Ni da ko abinci ban taɓa ci gabanai ba? Ba a yanko wurin kyautar kawai?"

Na ce saƙon da aka yanke ba ya zama shaida.

"To ke hwa? Ba ga shi kin jiya ba?"

Na ce ni ma'aikaciya ce, ba a karɓar ta bakina. Ban taɓa jin nauyin wata ƙa'ida kamar lokacin ba.

Ta goge fuskar wayar da bakin hijabinta. "Su ɗauki injin. Wanga saƙo shi kaɗai ya bar min da ba a rabawa."

Na lallashe ta, na tuna mata yara. Ta ce ta iya surfe tun kafin a yi injin. Na cike rahoto cewa babu shaidar da aka gabatar, na hau motar Birnin Kebbi.

Abin da na koya shi ne, kullewar nan da muke alfahari da ita tana rufa wa mutane asiri, amma ranar rigima takan bar mai gaskiya shi kaɗai da gaskiyarsa.

Da safe, mutanen farko da suka zo teburina wani magidanci ne da matarsa, zai buɗe mata asusu. Na ce, "Malam, duk ran da za ka yi mata kyauta, ka tura saƙon kyautar shi kaɗai, gajere, wanda za ta iya kunna wa yayanka. Sauran zancen ka tura daban."

Ya ce, "Hajiya, wane sauran zance?"

Matar ta ja mayafi ta rufe fuska. Na karɓi wayarsa na nuna masa inda ake dannawa.