Baba ya gane tsohon da ke cikin fim ɗin Japan

Jiya da la'asar ina zaune a zaurenmu a Daudawa ina kallon wani fim na Japan a waya, sai Baba ya dawo daga gona ya zauna kusa da ni.

Na sauke fim ɗin ne don na ji ya ci kyauta a wani bikin fina-finai a Turai, har 'yan kallo suka miƙe suna tafi. Ni fassarar Turanci nake bi. Baba kuwa ba ya jin Turancin, balle yaren Japan.

Aka nuno wani tsoho zai ci abinci. Ya kai hannu, ya dubi ƙofa, ya fasa.

Baba ya ce, "Allah sarki. Matarshi ta rasu."

Lokacin fim ɗin bai faɗi haka ba tukuna. Na ce, "Baba, ya aka yi kuka sani?"

Ya ce, "Ba ka ga ya dubi ƙofa ba? Jira yake ta kawo mashi ruwa, sannan ya tuna."

Wata bakwai da rasuwar Innarmu, kullum kwanon tuwon Baba kusan cike yake dawowa, muna cewa tsufa ne.

Bayan magariba na ɗauko kwanona da kofin ruwa na zauna gabansa. Muka ci tare. Har ƙarin miya ya nema.

Ku da iyayenku ke raye, don Allah wa ke zama da su in za su ci abinci?