Tsohon da Ke Gyara Sunan Maƙabarta

A ƙofar maƙabartar unguwarmu a birnin Halle akwai wani dogon tsoho da nake gani ran Asabar. Kwat ɗinsa a goge take, amma maɓalli ɗaya da jan zare aka ɗinke shi, ɗinkin wanda bai saba riƙe allura ba. Yana tsaye gaban Irmtraud mai sayar da furanni, yana jujjuya kowane dami kamar mai duba takardun jarrabawa. Ina zaton tsohon malamin makaranta ne.

Tana naɗe masa farare tana cewa, "Kwantar da hankalinka, Malam. Ai sunan maƙabarta ma a harshenmu Friedhof ne, wato farfajiyar salama."

"A'a, Uwargida," in ji shi. "Asalin kalmar, fili ne da aka kewaye da shinge. Daga baya aka ji ta yi kama da kalmarmu ta salama, aka liƙa mata wannan ma'ana."

"Ko ma dai mene ne, matarka tana hutawa."

"Tun aurenmu nake yi mata wannan gyara, ba ta taɓa yarda ba."

Ya rungumi furanninsa ya shige ciki, leɓunansa na motsi. Da alama gardamar tasu ba ta ƙare ba.