Tulun Gwaggo Rifkatu, Daga Tasawa Zuwa Bayan Attantane

Tasawa, jajibirin Nowel (Kirsimeti)

Ƙarfe biyar da minti ashirin na asuba na fito daga gida, sanyi na yanka kunne, na goya tulu a baya da zane kamar jariri. Mijina ya rako ni bakin ƙofa yana dariya ƙasa-ƙasa. Na ce masa in abin ya ba shi sha'awa ya zo ya goya. Ya ce shi dai da addu'a zai bi ni, don shi ne mai karatun Littafi gobe a majami'armu, ba inda za shi.

Bari in gaya muku mafarin wannan wahala. Gwaggo Rifkatu yayar babana ce, ita ta rene ni, kuma ita ce mai buga tulu a zumuntar matan ƙauyenmu, can bayan Attantane, tun ban san kaina ba. Tulun kiɗa nake nufi. Kamar na ruwa yake, sai dai akwai huji a gefensa, inda ake dukansa da tafin hannu ya ba da murya mai zurfi. Nata ya fashe da damina, ita kuma tun kaka take kwance, idanunta sun yi rauni. Sai ga pastonsu ya kira ni ta waya da saƙo: "Ta ce bana ba ta son atamfa, ba ta son sukari. Tulu taka so, ta buga Nowel ɗin ga." Ya sake maimaita "Nowel ɗin ga", na kuwa gane abin da bai faɗa ba.

Na ba wata mai ginin tukwane aikin tun farkon Disamba. Kullum gobe, kullum jibi. Sai ranar ashirin da uku da la'asar ta miƙo mini shi, tana ce mini wai ban da haƙuri. Shi ya sa kuka gan ni a hanya ranar da kowace mace ke gida tana yanka albasa.

Shida saura kwata ina tasha. Direba ya ce, "Yanzu-yanzu za mu tashi, Madam, mutum biyu ya rage." Mutum biyun nan ba su cika ba sai tara saura minti goma. Ya miƙo hannu zai ɗora tulun a saman mota, tsakanin buhunan albasa da akuya ɗaurarriya. Na ce ko da wasa. Na biya wa tulu kujerarsa, na zauna na rungume shi.

Ko barin gari ba mu yi ba wani dattijo a bayana ya taɓo ni.

"Madam, an cuce ki. Tulun ga hudajje ne."

"Na sani, Baba. Na kiɗa ne, haka ake yin shi."

"Kiɗa? To, Allah shi kyauta."

Shi ne na farko.

Hanyar Mayahi

A shingen jandarma aka karɓi katunanmu na shaida. Ɗayansu ya leƙa bakin tulun, ya zura hannu, sai ga yatsunsa sun fito ta gefe. Ya dube ni da tausayi ya ce in koma wa wanda ya sayar mini tun bai tashi daga kasuwa ba. Na yi bayani. Ya ƙwanƙwasa shi da biro, ya ce mu wuce.

Goma da kwata taya ta fashe. Direba ya sauko da ta ajiya, ita ma ba iska. Na ce, "Haba malam, da wannan ka ɗauko rayukan mutane?" Ya ce, "Jiya lahiyarta lau." Ya tsayar da mai moto, wato babur, ya ɗauki tayar ya tafi neman faci, mu kuma muka zube ƙarƙashin wani gawo awa ɗaya da minti hamsin. Wata Bafulatana ta zo da fura da nono, na sha, kuma gaskiya furar ta yi daɗi, ita kaɗai ce abin da ban yi ƙorafi a kai ba ranar nan. Tana karɓar ƙwaryarta ta duƙa ta dubi tulun, ta ce in na samu ƙaro da tsumma zan iya toshe shi. Ban san sanda na yi tsaki ba. Kafin mu shiga Mayahi mutum bakwai suka ba ni labarin hujin da ni na sa aka yi.

Mayahi

Ɗaya saura ashirin muka iso. Tafiyar kilomita wajen hamsin ta cinye mini rabin yini. Na wuce gidan paston garin in ɗan miƙe ƙafa, na tarar da gidan kamar kasuwa. Mata na tsince shinkafa, ana soya nama, tela bai kawo ankon wasu ba ana ta zaginsa a bayan ido. A tsakar gida yara na gwajin wasan haihuwar Yesu, makiyayan sun ɗauko tunkiya ta gaske, ita kuma ta kama cin tabarmar da aka shimfiɗa wa Maryamu.

Nan kaɗai aka ga tulun ba a ce hudajje ba ne. Matar pasto ta ɗora shi a cinya ta buga sau biyu, mata suka saki guɗa, wasu har sun fara taka rawa da ludayi a hannu.

"Hannatu, ki kwana nan mana. Mu buga shi gobe, jibi ki kai mata."

"Mama, jibi ai ba Nowel ba ce."

Ta dube ni, ta miƙo mini shi. Ta zuba mini shinkafa da miya, ta ƙulle wa Gwaggo soyayyen nama a leda.

Motar Attantane wata tsohuwar buɗaɗɗiya ce mai kayan shago, ba ta tashi ba sai uku da rabi. Sau biyu muka kafe a rairayi. Maza na turi, ni ina tsaye gefe da goyona, ana kallona kamar wadda ta taɓu.

Attantane

Biyar da minti ashirin da biyar muka sauka. Ƴan kabu-kabu suka yo kaina. Na tambayi ɗaya sau nawa yake faɗuwa a rairayin hanyar ƙauyenmu, ya ce, "Bai wuce biyu." Na ce ya sha zamansa. Amalanke kuwa ba mai fita sai da safe.

Na nufi gidan Baba Haruna, aminin marigayi babana. Musulmi ne, manomi, yana kuma taɓa gini, kuma a gidansa muke sauka tun muna yara. Na tarar ya tafi masallaci. Na ajiye tulun a lungun zaure kusa da wani ragowar buhun siminti, na shige wajen matarsa Inna Habsu. Ta ba ni ruwan zafi na yi wanka, na ci tuwon hatsi da miyar kuka, muna cikin hira barci ya kwashe ni tun kafin a yi isha'i. Duk wanda na gamu da shi ranar nan na yi masa bayanin tulun nan, tun daga dattijon mota har jandarma, ban da mutum ɗaya.

Ranar Nowel

Biyar da rabi na fito da sabon ankona. Baba Haruna na zaune a zaure da tocila, yana ta fara'a.

"Ɗiyata, barka da salla. Zo ki gani. Na iske kayanki da huji, na ce wagga yarinya ta sha hanya da abin banza. Na gyara miki."

Ya haska. Hujin ya toshe da siminti, an shafe shi sumul. Tulun kuma cike yake da ruwa har wuya.

"Tun jiya na zuba, ko ɗigo bai yi ba," in ji shi.

Jama'a, ban taɓa jin baƙin ciki irin na safiyar nan ba. Da sa'ana ne da ya ji abin da bai taɓa ji ba. Amma mutum ne da ya ɗauki gawar ubana, ga shi yana jiran godiya. Na zauna daɓas a ƙasa da sabon zanena.

"Baba, kun kashe ni. Hujin shi ne tulun! Na kiɗa ne, Gwaggo Rifkatu ta aiko a kai mata, yau za ta buga a majami'a."

Ya ce, "Wai bum-bum ɗin nan da nika ji in na wuce ɗakin addu'arku? Shekara da shekaru na ɗauka ganga ce."

Inna Habsu ta leƙo ta ce, "Ai kai ba ka ganin huji ka ƙyale. Ranar nan har ramin kaji ka toshe."

Baba Haruna ya zubar da ruwan, ya karce simintin da farce, ya ce bai gama kamawa ba, ƙusa za ta ci shi, amma sai a hankali. Na ce ƙarfe tara ake shiga sujada. Ya dubi sama, ya je ya ɗaura wa jakinsa amalanke, ya shimfiɗa buhu ya zauna da tulun a cinya, ya miƙo mini sanda.

"Ke kora, ni in sassaƙa."

Haka muka fita Attantane ƙarfe bakwai saura minti goma. Ni Hannatu, da anko da ɗankwali mai ƙyalli, ina korar jaki ranar Nowel. Jakin kuwa ya san ba mai shi ba ne. In na ce ya tafi sai ya tsaya cin karan gero, in na ɗaga sanda sai ya zabura. A bayana ba abin da nake ji sai ƙarar ƙusa da "bismillahi" duk bayan ɗan lokaci. Wasu mata masu zuwa rijiya suka tsaya suna kallonmu har muka ɓace.

Wajen takwas da rabi na ga rana ta ɗaga, na zabga wa jakin sanda. Ya yi tsalle, ƙafar amalanke ta faɗa wani rami, na ji ƙas. Na waiwaya. Gefen hujin ya ɓantare, ga tsaga ta tafi sama kamar tsawon yatsa. Muka dubi juna.

"Wanga kam ba ni ba ne," in ji Baba Haruna a hankali.

Gaskiyarsa, kuma ita ta fi ƙona mini rai.

Ƙauyenmu

Goma saura kwata muka tsaya bakin majami'a. Ɗaki ne na laka mai rufin kwano, mutanen ciki ba su fi talatin ba. Tun daga nesa na ji mata na waƙa da tafi, wata na dukan jarkar ruwa. Baba Haruna ya hure ƙurar simintin, ya goge tulun da hannun rigarsa, ya ce shi yana nan gindin aduwa.

Gwaggo na zaune kan tabarma a gaba, an jingina ta da bango. Ta rame har zoben hannunta na yawo. Na durƙusa na ce, "Gwaggo, ga ni." Ba ta tambayi hanya ba, ta miƙo hannu biyu. Ta shafa wuyan tulun, ta shafa cikinsa, yatsunta suka tsaya a bakin hujin inda simintin ya bar kaushi. Ta buga sau ɗaya. Muryar ta fito, amma a dishe, da ɗan kaɗawa a ƙarshe.

"Mi ya samu bakinshi?"

"Baba Haruna ne ya gyara shi, ni kuma na ƙarasa."

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, pasto ya dakata da sanarwa. Da ta huce ta ce, "Ba komi. Ni ma haka tawa muryar ta koma. Ku tada waƙa."

Mai jarka ta ajiye jarkarta. Gwaggo ta buga waƙa uku cur, mata na rawa ƙasa na tashi, kuma duk ɗakin ba wanda ya damu da tsaga sai ni. A ta huɗu na ga hannunta na dama ya fara makara, sannan ya tsaya. Ta laluba gefenta ta kamo hannun Ladi, matar jikanta, wadda ke dukan jarkar nan. Ta ɗora shi kan hujin, ta ɗora nata a sama, suka ƙarasa waƙar tare. Ni dai ban rera ko baiti ɗaya ba, kuka nake yi a fili.

Da aka tashi na iske Baba Haruna inda na bar shi.

"Ya yi?"

"Ya yi, Baba."

"Na ji shi. Da ɗan mura, amma ya yi."

Aka kawo masa shinkafa da naman akuya. Maƙwabcinsu Musulmi ne ya yanka, kamar kowace shekara, don kowa ya ci. Ya ci, ya shiga ya gaida Gwaggo, ta ce masa in ya sake taɓa mata kaya sai ta kai ƙararsa wurin Habsu.

Komawa

Washegari ƙarfe shida na yi sallama. Gwaggo ta riƙe mini hannu ta ce, "Baɗi kada ki wahala da saƙo. In kin zo ki saurari hannun Ladi. Tana da sauri, ki riƙa gaya mata ta jira waƙa."

Na ce, "Ke za ki gaya mata, Gwaggo."

Ta ce, "Ke dai ki gaya mata."

Na hau kabu-kabu tunda ba goyo, muka faɗi sau biyu kamar yadda ɗan kabu-kabun Attantane ya yi alkawari. Sha ɗaya ina Mayahi, huɗu da minti goma na shiga gidana a Tasawa, ƙafafuna sun kumbura.

Na gode wa Allah da ya kai ni a kan lokaci. Na gode wa matar pasto ta Mayahi, da Inna Habsu, da Baba Haruna da ƙusarsa. Direban nan mai tayar ajiya kuwa, na yafe masa albarkacin salla. Jiya na kira paston su Gwaggo na ce a kai wa Ladi wayar. Na ce ta buga in ji, ta buga, kuma gaskiya ne, tana da sauri. Na buɗe baki zan gaya mata, sai na jiyo muryar Gwaggo daga can ciki tana cewa ta jira waƙa, na yi shiru na bar ta ta faɗa.