Randar da ba a taɓawa

Abokina shi ne mai kula da ɗakin adana kayan fasaha a Minna. Wata babbar mota ce ta buge babur ɗinsa a Kpakungu, ya rasu nan take.

Da na je zaman makoki a gidansu na Tudun Wada, sai na tarar da wata tsohuwar randar Gwari ta wurin aikinsa a ƙofar gida, cike da ruwa, da moɗa a kai. Marigayin ya kawo ta gida ne don ya gyara mata baki. Na ga irinta a Alƙahira da Landan, cikin gilashi, da mai gadi a tsaye. Shi kuwa duk abotarmu bai taɓa barina na ɗora mata yatsa ba.

Na ce wa yayansa, “Malam, wannan fa ta girmi kakanmu. In ta fashe, babu wata.”

Ya ce, “To Alhaji, ai shi ya sa ruwanta ya fi sanyi.”

Ba a jayayya da mai makoki. Sai na jawo tabarmata kusa da ita na zauna. Duk wanda ya nufo ta, na riga shi ɗaukar moɗa, na ɗebo na miƙa masa. Haka na yi har sadakar uku. Mutane suna ta yaba tawali'una.

Da aka watse, ni na rungume ta na mayar da ita ɗakin marigayin. Ta fi yadda na zata nauyi.