Hotuna Dubu Goma Sha Ɗaya, Babu Fuskar Nedyalka

Hoto nawa kake da shi na mutumin da kuke kwana gida ɗaya? Wanda fuskarsa ta fito sarai nake nufi, wanda in an nuna wa maƙwabci zai ce wane ne nan take. Kada ka amsa da ka. Ni ma da ka na riƙa amsawa, har ranar da Bai Strahil ya shigo shagona.

Sana'ata buga takardu. Shagon yana daura da babbar tashar bas, kuma cikin aiki goma da ke shigo mini, bakwai sanarwar mutuwa ce. Samarin garinmu sun watse ƙasashen waje, tsofaffi suka rage, su kuwa kullum sai an rasa ɗaya. Takardar farko da muke mannawa a ƙofar gida da jikin bishiya da tashar bas, suna ne kawai da gicciye. Ba ma sa hoto sai ranar arba'in. Daga ranar nan kuwa dole ne. Mamacin da aka manna takardar arba'in ɗinsa babu fuska, duk unguwa za ta ce ba shi da kowa.

Bai Strahil ya girme ni da shekara ashirin da huɗu, shi ya sa nake ce masa Bai, kamar yadda muke kiran dattawa. Shekara talatin da takwas ya yi yana gyaran injin saƙa a masaƙar garinmu, har aka rufe ta. Amma da masaƙa ba a san shi ba. An san shi ne da kamara a wuya, a tsaye bakin titi, yana jiran bas. Ya ɗauki kowace mota da ta taɓa ɗibar fasinja a Bulgariya in dai ƙafarsa ta kai wurin: jajayen Ikarus masu tsawo, tsofaffin Chavdar masu hayaƙi, da na lantarki masu ƙaho biyu da ke bin waya. A zamanin tsohuwar gwamnati sau biyu 'yan sanda suna kama shi a tasha, suna zare fim ɗin a gabansa. Washegari ya koma.

Shi ya koya mini wannan sha'awa, kuma dokokinsa huɗu ne. Rana a bayanka. Ka tsaya ta gefen ƙofofi, gaban motar ya fito, gefenta ya fito. Lambar jiki ta karantu. Ta huɗu ita ce babba, kada ɗan Adam ya shiga. Hoton da babu mutum shi yake kira mai tsabta. Wanda wani ya gifta kuwa, sai ya jefa shi a bokitin shara, ya sa almakashi ya datse fim ɗinsa, don kada ya sake ɓata takarda a kai.

Duk wannan yawo, matarsa Nedyalka tana biye da shi. Ba su haihu ba. Ita ke riƙe jaka, ita ke riƙe lema, ita ke ɗauke da burodi da cuku. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da su ya san waƙar.

"Matsa, Nedyalka! Kin shiga!"

"To maigidan bas marar bas, na matsa. In shige kwata ne?"

"Ƙara taku biyu."

"Da motar nan za ta dafa maka miya, da tuni na koma gidanmu."

A watan Oktoba ta faɗi a madafa, tana cikin soya barkono. Kafin motar asibiti ta iso ta cika. Ni na buga takardar farko, guda talatin.

Rana ta tara ya shigo, ya zauna a kujerar masu jira, ya ɗora hula a gwiwa.

"Zahari, zancen takardar arba'in."

"Kawo hoton kawai, Bai. Minti goma na gama."

Ya murza bakin hular.

"Babu."

"Babu me?"

"Hotonta. Na duba."

Dariya ta kusa kuɓuce mini. Na ce katin shaidarta fa? Ya ce an karɓe a ofishin gunduma ranar da aka ba shi takardar mutuwa. Na aure fa? Sai ya kawar da kai. Ashe ranar ɗaurin aurensu aka kawo sababbin motoci shida garinmu, suka jeru a dandali daura da ofishin da ake ɗaurawa. Fim ɗaya ne a kamararsa, mai ɗaukar talatin da shida. Kafin amarya ta iso ya cinye shi.

Ni ba na son zama ana jimami alhali akwai abin yi. Na tambaye shi hotuna nawa ne a gidan gaba ɗaya. Ya ce dubu goma sha ɗaya da ɗari huɗu da shida, cikin kwalin takalma talatin da takwas. Na ja takarda na raba. Saura kwana talatin da ɗaya, wato ɗari uku da sittin da takwas kowace rana.

"Matar da ta yi shekara arba'in tana tsaye kusa da kamara, ba yadda za a yi a ce ba ta faɗa ciki ba ko sau ɗaya. Gobe ƙarfe bakwai ina ƙofarka."

Kowace safiya kafin in buɗe shago sai in hau matakala sittin da huɗu zuwa hawa na huɗu, da gilashin ƙara girma a aljihu. Mu baje kwali a kan teburin cin abinci. Ni ina duba gefe-gefen hoto, ta inda mutum zai iya leƙowa. Shi kuwa sai ya tsaya a kan ɗaya ya ce, "Ka ga wannan? A garin Ruse ne, ita kaɗai aka yi wa wannan fenti." In ce, "Bai, ba mota muke nema ba." Ya ce haka ne, ya ajiye, bayan hoto biyar ya sake.

Na ƙara sauri zuwa ɗari huɗu da ashirin. Rana ta talatin da shida muka rufe kwali na ƙarshe, ga kuma abin da muka samu: gwiwar hannunta sau goma sha huɗu, bakin lemarta sau tara, inuwarta a kan kwalta sau ashirin da biyu, takalminta na hagu sau ɗaya. Fuska, ko ɗaya. Mutumin ya iya aikinsa.

Washegari yayar Nedyalka, Gergina, ta iso daga ƙauye don dafa alkamar da za a raba a kabari. Tsohuwa ce mai sanda, shekararta saba'in da tara, ba ta taɓa ƙaunar Strahil ba, ba ta kuma taɓa ɓoyewa ba. Ta zo da hoto guda, na 'yan aji a makaranta, yara talatin da ɗaya a jere, kan Nedyalka bai kai ƙwayar wake ba. Na duba na ce ba zai yi ba.

Ta juya ta kalli kwalayen da suka kai rufin ɗaki.

"Duk wannan tarkacen, babu ƙanwata?"

"Yaya Gergina, ai kin san tsarina..."

"Na san tsarinka mana. To ka manna bas ɗin a bishiya, ka rubuta 'matata abar ƙaunata' a ƙasa. Kowa zai yarda."

Ta buga sanda a ƙasa, ta ce ita aiki ya kawo ta. Alkamar Nedyalka daban take da ta kowa, akwai abin da take sawa bayan gyaɗar turawa da kirfa, kuma ta san ƙanwar tata tana rubuta irin waɗannan abubuwa. Strahil ya ce bai taɓa ganin littafi ba. Gergina ta ce me ka taɓa gani? Ta aike ni ɗakin ajiya na ƙasa, ta ce in duba bayan kwalaben miyar barkono.

Kwalabe hamsin da uku na tarar, duk na bana, kowace da kwanan wata da rubutun Nedyalka. Bayansu akwai gwangwanin biskit. Na hau da shi.

Gergina ta buɗe. Katuna ne masu kauri, an rubuce su da fensir: yawan gishirin kabeji, yadda ake dafa waken azumi, maganin tari. Ta yi ta zarowa har ta kai kan alkama.

"Yawwa. Ɓawon lemo ne, ja'ira, ta ƙi faɗa mini tun muna..."

Ba ta ƙarasa ba, don hannuna ya riga ya kai kan katin. Takardu ne aikina, na san takardar hoto ko ta baya na gan ta. Na juya shi.

Bas ce mai ƙaho biyu a gaban tsohuwar kasuwa. A gabanta, daga dama, ga mace ta sako kai cikin hoton, da ɗankwali, da jaka a kafaɗa.

Bai Strahil ya fizge katin, ya kai shi kusa da ido. Abin da ya fara fitowa daga bakinsa, da kunnena na ji.

"Mai lamba arba'in da bakwai! Ita ce ta ƙone a gareji, ita kaɗai ce babu a jerina. Shekara talatin ina..."

Sai ya ji abin da ya faɗa. Gergina ba ta zage shi ba, kuma da ta zage shi da ya fi sauƙi. Kallonsa kawai ta yi, ta juya ta shiga madafa.

Na juye gwangwanin na ƙirga. Katuna ɗari biyu da goma sha huɗu, dukansu waɗanda ya jefa a bokiti ne, ita kuwa ita ke zubar da shara. A ɗari da hamsin da ɗaya baƙi ne suka gifta. A sittin da uku Nedyalka ce. Na jera su bisa shekarun motocin, sai ga ta tana tsufa a kan tebur: amarya mai kitso biyu, mace mai kwat ɗin masaƙa, dattijuwa mai tabarau. A kusan duka kamarar take kallo.

Gergina ta leƙo daga ƙofar madafa, wuƙa a hannu.

"Kana zaton kuskure take yi? Sau sittin da uku? Ta faɗa mini da bakinta. Ta ce, 'Yaya, in ban shiga da kaina ba, mutumin nan ba zai taɓa ɗaukata ba.'"

Na kwashi sittin da ukun zuwa shago, Bai Strahil yana biye da ni. Na sa su a na'ura ɗaya bayan ɗaya, ina ƙara girman fuskar. A nan ne na gane ba mu tsira ba. Kamararsa a kan mota take saite, kullum. Lambar jiki ta fito tar, ana iya ƙirga ƙusoshin ƙofa. Ita kuwa tana kusa da yawa, tana kuma cikin motsi. Duk yadda na ƙara girma, sai fuskar ta ƙara narkewa kamar an shafa ta da rigar hannu. Na gwada duk dabarar da na sani, awa biyar. Wanda ya fi dama-dama shi ne na arba'in da bakwai ɗin: ana ganin ɗankwali, ana ganin duhun idanu biyu, ana ganin baki a buɗe. Ko dariya take, ko amsa take mayar masa, ba a ganewa.

"In yanke motar?" na tambaye shi.

"Yanke."

"Duka?"

"Kada ka bar ko madubi."

Guda arba'in na buga. Ranar arba'in aka raba alkama a kabari, da ɓawon lemo a ciki, mutum goma sha ɗaya suka zo. Da rana muka zaga da gam, shi yana riƙewa ina shafawa. A tasha wata tsohuwar abokiyar aikinta ta tsaya, ta gyara tabarau, ta karanta sunan, ta dubi hoton, ta daɗe.

"Wannan Nedyalka ce? Strahil, kai da kake da kamara?"

Bayan shekara biyu aka daina gudu da motocin lantarki a garinmu, aka sauke wayoyin. 'Yan ƙungiyarmu ta masu ɗaukar hoton bas su bakwai suka fito ɗaukar tafiyar ƙarshe, Bai Strahil bai zo ba. Na yi ta buga masa takardun tunawa, na wata shida, na shekara, na shekara biyu, na uku, duk da wannan fuskar da ba ta fito ba. A lokacin bai daina zuwa tasha da kamara ba, amma ya juya wa titi baya. Masu jiran mota yake roƙo su tsaya ya ɗauke su. Ina kallo daga ƙofar shago, cikin goma tara suna kawar da kai, wasu su ce tsohon ya taɓu.

Ya rasu a hunturu na huɗu. Kwalaye talatin da takwas suna ɗakin bayan shagona, na rubuta wa wurare biyar, babu wanda ya ce yana so. Da na tashi buga takardar arba'in ɗinsa, na buɗe nawa hotunan da gadara, tunda shekara goma sha tara muna fita tare. Dubu huɗu da ɗari biyu da tara ne. Na same shi a uku, duka ukun ta ƙeya. Ashe ni ma na iya darasin.

Saboda haka ga abin da nake roƙonka, kuma ba zai ci maka minti goma ba. Buɗe wayarka yanzu, ka ƙirga hoto nawa ne a ciki, ka ƙirga nawa ne fuskar mutumin gidanka ta fito sarai. In lissafin bai yi maka daɗi ba, tashi ka kira shi waje. Rana a bayanka. Ka ce ya tsaya cik, ka saita kamarar a kan idonsa, ka ɗauka sau uku. Gwada yau.