Yatsan Baba a Kan Taswira

Har yau in na tuna sai zuciyata ta tafasa. A Setapak, wata unguwa a Kuala Lumpur, muke haya mu biyu, ni da wata yarinya mai neman digirin dakta. Na dawo daga makaranta da la'asar, na tarar ta yo tapau, wato ta sayo shinkafa da miyar kifi a leda. Ledar na yoyon mai, sai ta buɗe littafin Babana ta ɗora a kai, wai kada teburin mai gidan haya ya ɓaci.

Da ta ga fuskata ta ce, "Wannan tsumman? Haba Yaya, na zaci na zubarwa ne. Kamar wanda lebura ya goge hannu da shi."

To, leburan ne kuwa! Babana haƙar kuza ya yi a Jos, bai taɓa zaman aji ba. Littafin labarin ƙasa ne, ko bango babu, ya tsinto shi a bolar bariki. Ya yi ta bin malamin awon kuza yana tambayar baƙi ɗaya-ɗaya har ya iya haɗawa. A raminsu akwai ƙa'ida: wanda ya iya karatu ya zauna a bakin rami ya karanta da ƙarfi, sauran su raba kwanukan ƙasarsa su ɗaukar masa. Magidanta, wuya na ciwo, suna ƙara wa kansu kaya don kawai su ji yadda duniya take. Ita kuwa da gwamnati ta turo musamman don karatu, ban taɓa ganin ta kai ƙarshen littafi ba, wallahi.

A ciki Baba ya ga taswirar wannan ƙasa da na zo karatu, ya karanta musu cewa nan ma kuza ake haƙa. Don murna ya dangwala yatsa a jar laka ya danna a kan Kuala Lumpur. Da zan taho ya miƙo min littafin, ya ce, "Ki kai shi ya ga garin 'yan'uwanmu." Ban cika shekara a nan ba Allah ya yi masa rasuwa.

Na ɗaga ledar. Shafin ne. Mai ya jiƙe shi sharkaf, jar lakar ta narke ta bi miya.

Ta ce, har da "lah" ɗin da ta kwaso a bakin 'yan garin, "Yi haƙuri lah, bari in nemo miki irinsa a waya."

Na ce mata to, ta haɗo min da yatsan.