Makon da Tanti Domnica Ta Kusa Cinye Zinare

Tanti Domnica yayar mahaifiyata ce, kuma a gidanta na birnin Cluj nake zaune tun da ni da makaranta muka gaji da juna, kowa ya kama gabansa. Shekara ashirin da tara tana aiki a ɗakin bincike ɗaya na jami'a. Ba likita ba ce. Aikinta goge wasu 'yan sanduna masu bakin zinare, bakin bai kai ƙwayar wake ba. Takan barbaɗa farar hoda a kan jiƙaƙƙen ƙyalle, ta yi ta murza bakin sandar tana zana lamba takwas har ya yi ƙyalli kamar madubi. Daga nan masu digiri su karɓa, su ɗiga masa ruwan da aka zuƙo daga ƙashin bayan majinyaci, su sakar masa 'yar wutar lantarki. Layin da na'ura ta zana suke karantawa, suna neman alamar ciwon mantuwa. In sanda na da datti, layin ƙarya zai yi.

"Ashe dai wanke-wanke kike yi wa jami'a, Tanti," nakan ce mata.

"Ni ko ta ƙofar baya na shiga jami'ar, ɗan nema. Kai fa?"

Bara ta fara mantuwa. Tuwon masara ya ƙone mata sau biyu, ta kira kyanwarmu da sunan marigayi mijinta. Na sheƙe da dariya, ita ko murmushi ba ta yi ba, don da ciwon nan kakata ta rasu, ba ta gane 'ya'yanta. Na raka ta asibiti aka zuƙi ruwan bayanta, aka ce ta dawo bayan kwana goma.

Kwalaben da ake kawowa wurin aikinsu babu suna a jiki, sai lamba. Sai ta sa wa ranta nata ruwan na cikinsu. Duk makon ba ta bar kowa ya taɓa sanda ba. Gugar minti biyar sai ta kai rabin awa. Ran Alhamis shugabanta, Dakta Tiberiu, ya ɗaga guda a haske.

"Madam Domnica, zinaren kike so ki cinye mana?"

"Ba za a karanta kaina da sanda mai datti ba, Dakta."

"Ai ruwan ma'aikaci ba ya shigowa nan. Ke da hannunki kika liƙa dokar a ƙofa."

Ta dawo gida ta zauna, ko kwat ba ta tuɓe ba. "Ka gani, Horia? Har wannan na manta." Na lalubi abin barkwanci na rasa, sai na dafa mata shayi, ya yi ɗaci, ta shanye.

Ranar sakamako likita ta ce ruwan fes yake. Wani sinadari ne ya yi ƙaranci a jininta ya jawo mantuwar, allura za a riƙa yi mata. Tanti ta karɓi takardar ta karanta da kanta sau biyu, har ta tambayi wace na'ura aka yi aikin da ita.

A cikin bas na ce, "Kash! Da har na fara murna za ki manta da laifuffukana."

"Wanne ciki? Gilashin motar maƙwabci da ka fasa kana aji uku ka ce iska ce? Ko zakaran da ka ɗura wa barasa ran Ista?"

"Tanti, mutane na ji."

"Su ji mana! Ban ma iso shekarar da aka kore ka daga mawaƙan coci ba."

Har muka sauka ba ta kai ƙarshe ba, kuma ko ɗaya ba ta tsallake ba.